Dabbare-Dabbaren Hoton Rada: Akwai Abin da Ke Faruwa Haka Siddan?

Duk wanda ya fara buɗe ɗanyen hoton rada da tauraron ɗan Adam ya ɗauko, abin da zai zo masa a rai shi ne na'urar ta samu matsala. Ga fili shimfiɗaɗɗe, ciyawarsa iri ɗaya, ƙasarsa iri ɗaya, amma a hoto sai ya fito dabbare-dabbare: nan ɗigo fari fat, maƙwabcinsa baƙi ƙirin, gaba kaɗan toka-toka, ba tsari ba fasali. A taka zuwa filin a duba, ba za a ga abin da ya raba gurbin farin ɗigo da na baƙin ba. Na'ura kuwa lafiyarta ƙalau. Ko an ninka mata ƙarfin wuta sau goma, dabbare-dabbaren na nan daram, domin gwargwadon hasken wuri gwargwadon ɗige-ɗigensa.

Injiniyoyi sun jima suna lissafa wannan abu cikin hayaniya, wato tarkacen da ke rufe saƙo, wanda aikin gwani shi ne share shi. Sai dai tarihin shekaru arba'in ɗin nan ya nuna lamarin ya wuce haka, har ya taɓo wata tambaya da malaman tauhidi da masana falsafa suka daɗe suna kai-komo a kanta: shin akwai abin da ke aukuwa haka siddan, ba sababi ba dalili, ko kuwa idon mai kallo ne ya gaza?

Kamara tana jiran hasken rana. Rada kuwa da kanta take aika igiyoyinta ƙasa, ta saurari abin da ya dawo, shi ya sa dare da gajimare ba sa hana ta aiki. Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango na mita 49 ko 31. Zangon igiyar tauraron Sentinel-1 na Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2014, kusan santimita 5 da rabi ne kacal. Tauraron yana shawagi a nisan kusan kilomita 700, eriyarsa kuma mita 12 ce. A ƙa'ida, eriya irin wannan daga wannan nisa ba za ta iya bambance unguwa da unguwa ba. Sai an samu mai tsawon kilomitoci. Dabarar da ta warware wannan ta fito ne daga Carl Wiley, injiniya a kamfanin Goodyear na Amurka, a 1951: tunda na'urar tafiya take yi, a tara amsoshin da ta karɓa a wurare daban-daban a kan hanyarta, a haɗa su da lissafi, sai su zama tamkar na doguwar eriya guda. A 1978 tauraron Seasat ya kai wannan dabara sararin samaniya, ya yi aiki wata uku da 'yan kwanaki kafin wutarsa ta lalace.

Amma dabarar tana da sharaɗi. Igiya tana da tudu da kwari, kuma idan ta je ƙasa ta dawo, takan iso eriya a wata gaɓa ta zagayenta: a tudu, a kwari, ko a tsakani. Dole na'urar ta riƙe wannan gaɓa daidai, ba ƙarfin amsar kaɗai ba, in ba haka ba lissafin Wiley ba zai yiwu ba. To daga nan ne dabbare-dabbaren ya samo asali. Ɗigo ɗaya a hoton Sentinel-1 yana wakiltar fili mai kimanin mita 5 a mita 20. A cikin wannan fili akwai dubban tsakuwoyi, da karare, da ganyaye, da ɓurɓushin ƙasa, kowanne yana mayar da tasa 'yar amsar daga nisansa. Bambancin nisa na santimita 1.4 kacal ya isa ya sa tudun wannan ya faɗa a kwarin wancan, su kashe juna. Inda akasarinsu suka dace tudu a kan tudu, ɗigo ya yi fari. Inda suka cinye juna, ya yi baƙi. Abin da ya ba hoton kaifinsa shi ne dai ya ba shi ɗige-ɗigensa. Ba a samun ɗaya a bar ɗaya.

Wanda ya tsaya nesa da kasuwa ranar cinta, ƙugi ɗaya yake ji, yana tashi yana sauka. Alhali a cikin ƙugin nan babu sautin da ba shi da mai shi: wannan yana tayawa, wancan yana cewa albarka, wata tana kiran ɗanta. Kunne ne ya kasa rarrabewa. Haka ɗigon rada yake.

Abin mamaki na farko shi ne wannan ruɗani yana da doka. Tun a 1880 masanin Ingila Lord Rayleigh ya yi lissafin abin da ke fitowa idan aka tara girgiza masu yawa, masu zango ɗaya amma gaɓoɓinsu a warwatse. Bayan an ƙera na'urar hasken lesa a farkon shekarun 1960, masu bincike suka lura duk bangon da aka haska da ita yana yin tsaki-tsaki, sai Joseph Goodman na Jami'ar Stanford ya tsara ƙididdigar abin a shekarun 1970, kuma da ita masu rada ke aiki har yau. Babu mai iya faɗin yadda wani ɗigo guda zai fito. Amma a ɗauki ɗigo dubu goma a fili iri ɗaya, za a iya faɗa tun kafin a duba cewa kusan ɗaya cikin goma ba zai kai kashi goma cikin ɗari na matsakaicin haske ba, ɗaya cikin ashirin kuma zai ninka matsakaicin fiye da sau uku. A Hamadar Sahara haka ne, a dajin Amazon haka ne. Ɗaiɗaiku sun gagari hasashe, taron kuwa yana bin ƙa'ida sau da ƙafa.

Da wannan doka aka ƙera makaman yaƙi da shi. Mafi sauƙi shi ne a haɗa ɗigo da maƙwabtansa a ɗauki matsakaici: a haɗa huɗu, dabbare-dabbaren ya ragu da rabi, in ana son ya koma kashi ɗaya cikin goma, sai an haɗa ɗari. A 1980 Jong-Sen Lee, na ɗakin binciken sojan ruwan Amurka, ya fito da matata mai wayo, wadda ke goge wurin da ta ga iri ɗaya ne, ta ɗaga hannu idan ta iso gaɓar kogi ko gefen hanya. Duk da haka kowace gogewa da kuɗinta. Mai zana taswirar ambaliya a kogin Kwara ko Binuwai cikin damina, lokacin da gajimare ya rufe wa kamara ido, da rada yake aiki, domin kwantaccen ruwa baƙi yake fitowa. Idan bai tace hoton ba, baƙaƙen ɗige-ɗige za su sa ya ga ruwa a kan tudu. Idan ya tsananta tacewa, ƙaramin tsibirin da mutane suka fake a kai zai iya narkewa cikin baƙin da ke kewaye da shi. Babu lissafin da zai ɗauke masa nauyin wannan zaɓi.

Abin mamaki na biyu shi ne ya juya labarin gaba ɗaya. Hayaniya ta gaske, irin shuuu ɗin da zafin wayoyin na'ura ke haifarwa, ba ta maimaita kanta. A auna sau biyu, a samu biyu daban. Dabbare-dabbaren rada kuwa, idan tauraron ya dawo ta hanyar da ya bi a da, ya kalli filin ta kusurwar da ya kalle shi, kuma ba abin da ya motsa a ƙasa, ɗigon da ya yi fari zai sake yin fari, baƙin ya sake yin baƙi. Ashe tsarin tsakuwoyin filin ne rubuce a ciki. Tunda kuwa ruɗanin iri ɗaya ne a hotuna biyun, idan aka debe gaɓar igiyar hoton farko daga ta na biyu, ɗigo bayan ɗigo, sai ruɗanin ya share kansa, a bar abu ɗaya: canjin nisa tsakanin ƙasa da tauraro.

Ranar 28 ga Yuni 1992 girgizar ƙasa mai ƙarfin 7.3 ta auku a Landers, cikin hamadar Mojave ta jihar Kalifoniya. Tauraron ERS-1 na Turai, wanda aka harba a 1991, ya riga ya ɗauki hoton yankin a watan Afrilu, ya sake ɗauka a Agusta. Didier Massonnet da abokan aikinsa a hukumar sararin samaniya ta Faransa suka gwama hotunan biyu, suka cire tasirin tuddai da kwaruruka. Kowane hoto shi kaɗai ɗige-ɗige ne marasa fasali. Da aka gwama su sai ga zobba masu launi sun jeru reras kewaye da tsagar ƙasar, kowane zobe yana nufin ƙasa ta matsa milimita 28 zuwa ga tauraron ko nesa da shi. Mujallar Nature ta sa hoton a bangonta a 1993. Daga nisan ɗaruruwan kilomitoci, an auna motsin ƙasa da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, a faɗin yanki guda, kuma abin da aka auna da shi shi ne ainihin abin da aka yi shekaru ana ƙoƙarin gogewa. Da an fara tace gaɓoɓin kowane hoto shi kaɗai kafin a gwama, da ba a ga zobe ko ɗaya ba.

A nan ne mai tunani ya kamata ya dakata. Masanin lissafin Faransa Pierre-Simon Laplace, a maƙalarsa ta 1814 kan lissafin yiwuwa, ya kawo hoton wani hankali da ya san matsayin kowace ƙwaya da ƙarfin da ke tura ta. A wurin irin wannan hankali babu "wataƙila". A ganinsa lissafin yiwuwa awon iyakar saninmu ne. Da wuya a samu misalin da ya dace da wannan ra'ayi kamar ɗigon rada. Injiniya yana yi masa lissafin caca, lissafin kuma yana ci, amma ba don tsakuwoyin suna caca ba. Kowace tana inda take saboda ruwan da ya gangaro da ita ko kofaton da ya ture ta. Sa'a da arashi a nan suna zaune ne a tazarar da ke tsakanin girman ɗigo, mita 20, da girman zango, santimita 5 da rabi.

Musulmi ba baƙo ba ne a wannan zance. Imani da ƙaddara yana cikin shika-shikan imani shida, kuma aya ta 59 a Suratul An'am ta ambaci ganyen da ke faɗuwa da ƙwayar da ke cikin duhun ƙasa a jerin abubuwan da ilimin Allah ya kewaye. Ganye da ƙwaya kuwa su ne ainihin abubuwan da rada ke kasa rarrabewa. Mumini da ya fahimci yadda ɗigon nan ke haɗuwa zai samu abin da zai yi tadabburi a kai: abin da ya zama ƙugi a wurin bawa, ƙidayayye ne ɗaya bayan ɗaya a wurin Mahalicci.

Sai dai wajibi ne a tsaya inda hujja ta tsaya. Akwai ɗabi'ar da ta yaɗu ta ɗauko kowane sabon binciken kimiyya a ce ga shi ya tabbatar da aƙida, kuma wannan ɗabi'a tana cutar da ɓangarorin biyu. Dabbare-dabbaren rada ya nuna cewa wani nau'in ruɗani guda, wanda aka ɗauka marar dalili ne, yana da dalili. Bai nuna cewa kowane ruɗani haka yake ba. A duniyar ƙananan ƙwayoyin zarra, yawancin masana kimiyyar lissafin halitta suna ganin rashin tabbas ɗin ya wuce ƙarancin sani. Aikin John Bell na 1964, da gwaje-gwajen da suka sa aka ba Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger kyautar Nobel a 2022, sun toshe hanya mafi sauƙi ta cewa akwai ɓoyayyun dalilai na kusa da ba a gano ba tukuna. Har yau ana muhawara kan ma'anar wannan. Laplace ma da kansa ba don kare addini ya kawo misalinsa ba. Ilimin Allah, a wurin mai imani, bai rataya ga sakamakon wani gwaji ba, kuma wanda ya jingina shi ga gwaji ya ɗora babban abu a kan ƙarami.

Akwai wata tsohuwar muhawara da ta fi kusa da aikin masu rada na yau da kullum. Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga a littafinsa Tahafutul Falasifa: abin da ido ke gani shi ne ƙonewa tana aukuwa a lokacin da wuta ta taɓa auduga, amma ido bai taɓa ganin tilas ɗin da ke ɗaure su ba. Ibn Rushd na Kurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar da martani cewa wanda ya kore sabubba ya kore ilimi, domin sanin abu shi ne sanin sababinsa. Daga baya Shehu Muhammad bin Yusuf al-Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, wanda kuma littattafansa na tauhidi suka daɗe ana karanta su a zaurukan ƙasar Hausa, ya tsara matsayar Ash'arawa, wato ɓangaren al-Ghazali, a taƙaice. Ya raba hukunci uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne ƙulla abu da abu saboda an ga suna maimaituwa tare, tare da yarda cewa ƙullin yana iya saɓawa.

Duk ginin awon ƙasa da rada a kan maimaituwa yake tsaye, kuma masu sana'ar sun san tana saɓawa. A 1992 Howard Zebker da John Villasenor suka bayyana hanyoyin da jituwar hotuna biyu ke warwarewa. Idan hanyar tauraron ta biyu ta kauce wa ta farko da yawa, kimanin kilomita guda ga ERS-1, kusurwar kallo ta canza, tsarin ɗige-ɗigen ya zama sabo. Idan iska ta kaɗa ganyen daji, ko manomi ya yi huɗa, ko ruwan sama ya jiƙa ƙasa, ko yashi ya gusa, haka nan. Landers ta yi kyau ne domin busasshiyar hamada ce mai duwatsu. A gonar gero tsakiyar damina da wuya a samu komai. Saboda haka ba wanda ke gwama hotuna biyu ya miƙa sakamako kai tsaye. Sai ya fara lissafa wa kowane wuri wata lamba tsakanin sifili da ɗaya, wadda ke faɗin gwargwadon yadda yau ta yi kama da jiya a wannan wurin. Inda lambar ta kusa ɗaya, ya amince. Inda ta faɗi, ya bar gurbin fanko a taswira.

Wannan ɗabi'a ta cancanci yabo, kuma ita ce ta fi dacewa da bayanin Sanusi: dogaro da al'ada, ba tare da ɗaukar ta tilas ba, da sake auna ta kowane karo. Amma Ibn Rushd ma yana da rabonsa, domin duk inda jituwar ta warware, aka bincika, akan tarar da sababi: ganye ne, ko garma, ko ruwa. Saɓawar da masu rada ke gani ba keta al'ada ba ce irin ta mu'ujiza. Wata al'adar ce ta shigo ta kan wata. Tambayar da ta raba al-Ghazali da Ibn Rushd, wato ko wuta ce ke ƙonawa da ƙarfin kanta ko Allah ne ke halittar ƙonewar a lokacin haɗuwa, babu eriyar da za ta auna ta. Ash'ari da mabiyin Ibn Rushd za su zauna gaban kwamfuta ɗaya, su samu milimita 28 ɗaya.

Har warwarewar jituwar ma ba ta tafi a banza ba. Gini tsayayye yana riƙe tsarin ɗige-ɗigensa shekara da shekaru; idan ya rushe, tsarin ya watse. Bayan girgizar ƙasar Nepal ta 2015, da ta Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairu 2023, masana sun fitar da taswirorin wuraren da ake zaton an yi ɓarna ta hanyar neman inda jituwa ta faɗi farat ɗaya a cikin garuruwa, aka miƙa su ga masu aikin ceto. A asibiti ma haka: tsaki-tsakin da ake gani a hoton sikanin na mai juna biyu ɗan'uwan na rada ne, igiyar sauti ce kawai a madadin ta rediyo, kuma likitocin zuciya yanzu suna bin motsin waɗannan ɗige-ɗige daga hoto zuwa hoto don auna yadda naman zuciya ke takurewa. Abu ɗaya, wanda yake neman siffar fili ya kira shi datti, wanda yake neman motsinsa ya kira shi ma'auni. Hukuncin cewa abu ba shi da ma'ana yakan faɗi tambayar da mai hukuncin ya zo da ita, kuma wanda ya yanke shi da gaggawa a kan abin da bai iya rarrabewa ba ya wuce iyakar saninsa.

Akwai hujja a aikace. Wajen shekarar 2000, Alessandro Ferretti da Claudio Prati da Fabio Rocca na kwalejin fasaha ta Milan a Italiya suka koma kan tarin hotunan ERS da aka adana tun 1991. Suka nemi ɗige-ɗigen da ba sa canzawa a hotuna gommai, irin kusurwar gini, ko turken ƙarfe, ko fallen dutse, suka bi su shekara bayan shekara, har suka iya auna nutsewar ƙasa ta 'yan milimitoci a shekara. Waɗanda suka ƙera ERS-1 sun fi sa rai da teku da ƙanƙara. Ba su san za a yi wannan da hotunansu ba. Abin ya yiwu ne domin an adana bayanan ɗanye, da gaɓoɓin igiyoyinsu da dukkan ruɗaninsu. Da irin wannan hanya ake bin nutsewar birnin Meziko, inda wasu unguwanni ke sauka fiye da santimita 30 a shekara saboda zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Hotunan Sentinel-1 kyauta ne ga duk mai intanet, har ɗalibin da ke Zariya ko Maraɗi, kuma akwai manyan iri biyu da ake bayarwa. Akwai wanda aka riga aka haɗa ɗigoginsa aka rage masa dabbare-dabbare. Ya fi sauƙin saukewa, ya fi daɗin kallo, ya kuma isa ga taswirar ambaliya, amma an zubar da gaɓar igiyarsa, kuma babu lissafin da zai dawo da ita. Akwai kuma ɗanyen, mai nauyi, mai wuyar sha'ani, wanda ido ba ya son kallonsa. Ɗalibin da ke son sanin ko ƙasan garinsu tana nutsewa, ko bangon madatsar ruwa yana motsi, na biyun zai sauke.